Daga Dogari zuwa Ɗan Sanda: Yadda Tsaro Ya Yi Nisa da Ƙasar Yandaka

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne 'yan bindiga na samun labarin gari ta waya daga bakin masu kai musu rahoto. A daidai lokacin aka hana cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, aka hana sayar da fetur a jarka. Manomin Makera da bai san hawa ba bai san sauka ba ya wayi gari ba ya iya kiran ɗansa da ke Katsina, ba ya iya sayar da akuyarsa ya sayi magani. Ko me za a ce game da amfanin matakin, ya fallasa wani abu mai ciwo: hukuma ta kasa tantance mai laifi a cikin jama'a, shi ya sa ta rufe kowa. Kakannin mutanen wannan yanki sun zauna a ƙarƙashin tsarin da ya san kowa da sunansa da gidan ubansa. Tsarin yana da munanan laifuffuka, kuma rushe shi da aka yi yana da hujja. Amma da aka tashi rushewa an haɗa zaluncin da sanin mutane an zubar gaba ɗaya, kuma muhawarar da ake yi yau kan 'yan sandan jihohi ba za ta yi amfani ba sai an raba waɗannan abubuwa biyu.

Kafin Turawa su shiga Katsina a 1903, dogarai ne hannun sarki. Su ke kamo mai laifi, su ke tsaron fada da kasuwa, su ke isar da saƙo, su ke zartar da hukuncin da alƙali ya yanke, kuma akasarinsu bayin sarki ne ko 'ya'yan bayi, masu ja da koren riga da ake hangowa daga nesa. Sai dai dogarai ba su da yawa, kuma ba su ne ginshiƙin zaman lafiyar ƙauye ba. Ginshiƙin shi ne jerin sarauta: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. A ƙasar Dutsin-Ma hakimi shi ne Yandaka, a ƙasar Kurfi kuma Maraɗi, kuma a ƙarƙashin kowannensu akwai dagatai da masu unguwanni da ake tuhuma idan wani abu ya ɓaci a ƙasarsu. Baƙo ba ya kwana a gari sai mai masaukinsa ya gabatar da shi. Idan aka saci saniya ana bin sawu, kuma garin da sawu ya ɓace a cikinsa, mai garin ne zai yi bayani. Makiyayi da ya sauka da garkensa yana da arɗo, arɗo kuma sananne ne a ƙofar hakimi. Dogari shi ne ƙarshen zance, ana aika shi bayan an riga an san wa ake nema da inda yake.

Turawa sun ga tsarin ya fi musu araha fiye da kawo nasu, sai suka riƙe shi suka yi masa kwaskwarima. A cikin shekarun 1920 aka fara ɗaukar 'yan doka masu kaki da fareti da albashi daga baitulmalin En'e, wato hukumar sarki, aka kuma ɓullo da dabarar ɗora 'ya'yan sarauta a kansu domin aikin ya samu martabar da aikin bayi bai da ita. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko ya ɗora ɗansa Usman Nagogo a kan 'yan doka a 1929, kuma shi ne ya gaje shi a 1944. A Kano, Ado Bayero ya riƙe Wakilin Doka kafin ya hau gadon sarauta a 1963. Wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin aikin a idon masarauta. A gefe guda kuma akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗe rundunoninsu na Arewa da Kudu a 1930, amma su an fi ganinsu a bariki da tashar jirgin ƙasa da sabon gari. Talakan ƙauyukan Dutsin-Ma zai iya tsufa bai taɓa hulɗa da su ba. Haraji da jangali, duk da nauyinsu, sun ƙara wa tsarin ido, domin kowace shekara ana ƙirga magidanta ana ƙirga shanu, kuma wanda aka ƙirga ba ya ɓacewa a cikin daji ba tare da an lura ba.

To me ya sa aka rushe? Domin hukumar da ta san kowa, idan ba mai taka mata burki, takan yi amfani da sanin nan wajen danniya. Ɗan doka na sarki ne, alƙali na sarki ne, gidan yari na sarki ne. Da aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano a 1950, siyasar jam'iyyu ta shigo, sai wannan dunƙulewar iko ta zama makami. An kama 'yan adawa da sunan yin taro ba izini ko zagin sarauta, an kai su gaban alƙalin da ba ya barin lauya ya tsaya, an ɗaure su. Dattawan da suka ga zamanin sun san abin da ake nufi idan aka ce ɗan doka ya zo karɓar haraji gidan da ba a samu amfanin gona ba. Wanda duk ke yabon zamanin En'e bai ambaci wannan ba, rabin labari ya faɗa. Shi ya sa bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Yusuf Gobir, wanda ya ba da shawarar a haɗe 'yan sanda da gidajen yari a hannun tarayya, kuma gwamnatin Yakubu Gowon ta aiwatar da haka a ƙarshen shekarun 1960. Kotunan alƙalai ma suka koma hannun gwamnatin jiha. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe sauran ikon zartarwa daga sarakuna, jangali ya tafi a cikin waɗannan shekarun, gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji a tsohuwar jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina na cikinta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai talaka ya yi murna da shi, kuma yana da gaskiya. Kuskuren shi ne ba a gina komai a gurbin abin da aka cire ba. Mai unguwa ya rage da rawani amma doka ba ta ɗora masa nauyi ba, ba ta kuma ba shi kariya ba idan ya tona asirin ɓarawo. Arɗo ya rabu da ƙofar hakimi, makiyayi ya zama mutumin da hukuma ba ta neman komai a wurinsa kuma ba ta yi masa komai, burtalinsa ya shige gona ba wanda ya tsaya masa. Shi kuwa ɗan sandan da ya gaji ɗan doka, ana iya turo shi daga kowane lungu na Najeriya, a sauya masa wuri kafin ya san hanyar Safana da ta Ɗanmusa, kuma umarninsa daga Abuja yake zuwa, kamar yadda sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi runduna guda tilo. Katsina ta ba ƙasar nan Sufeto Janar har biyu, M.D. Yusufu daga 1975 zuwa 1979 da Ibrahim Coomassie daga 1993 zuwa 1999, amma asalin shugaba a Abuja bai taɓa kusanto da caji ofis zuwa ƙauye ba. Rundunar da ba ta kai mutum 400,000 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma da yawa cikinsu suna gadin manya, ba za ta iya sa ido a dajin Rugu ba.

Za a ce wannan duk tsohon zance ne, domin ɗan doka da kulki ba zai tari mai AK-47 a kan babur ba. Haka ne. Makaman da suka kwararo Sahel bayan rushewar Libiya a 2011, da kuɗin fansa, da yawan jama'a da ƙarancin ƙasar noma da kiwo, sun sauya girman matsalar, kuma satar ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba aikin da dagaci zai hana da baki ba ne. Amma ƙungiyoyin nan ba a dare ɗaya suka girma ba. Sun faro ne daga satar shanu da rikicin gona da aka bari ba shari'a shekara da shekaru, a matakin da tsohon tsari ke kama abu tun yana ƙarami. Har yau kuma ɗan bindiga na dogara da mai kai masa burodi da fetur da labari daga cikin gari, wanda maƙwabta sun san shi, soja daga nesa bai san shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wasu kuma za su ce ai an gwada tsaron 'yan gida, 'yan sa-kai sun fito, abin ya ƙara lalacewa. Wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi, kuma darasin 'yan doka ne ya sake dawowa da muni. Ɗan sa-kai ya san gari, amma ba ya kai wanda ya kama gaban alƙali, kuma sau da yawa ya ɗauki kowane Bafulatani a matsayin ɓarawo. Kisan da aka yi wa mutane a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya tura matasa da dama cikin daji, ya ba masu laifi hujjar ramuwa a kan ƙauyukan da ba ruwansu. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktobar 2023, da matasa fiye da 1,400 da aka ɗauko daga yankunansu, yunƙuri ne na sanya wannan ƙarfi a ƙarƙashin doka da horo da albashi, kuma ya fi barin kowa da bindigarsa. A Fabrairun 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince a duba kafa 'yan sandan jihohi. Tsoron da masu adawa da shirin ke yi, cewa gwamna zai mai da su abin da En'e ta mai da 'yan doka a zamanin NEPU, tsoro ne da tarihin Arewa ya tabbatar.

Duk da haka, ina ganin mayar da tsaro kusa da jama'a ya zama dole, kuma tarihin nan ya nuna sharuɗɗan. Wanda ya kama mutum kada ya zama shi ne mai hukunta shi. Duk wanda aka kama a miƙa shi kotu cikin lokacin da doka ta yanka. Ɗaukar ma'aikata da ladabtar da su su kasance a hannun hukumar da gwamna shi kaɗai ba zai iya juyawa ba. A ɗauki 'ya'yan makiyaya kamar yadda ake ɗaukar 'ya'yan manoma, domin rundunar da ɓangare ɗaya ya mallaka ɗaya ɓangaren zai ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba. A rubuta wa mai unguwa da dagaci da arɗo aikinsu a cikin doka, a biya su, a kare su, a kuma tuhume su idan sun haɗa baki da ɓarayi. 'Yan majalisar da ke wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi, a Katsina da Abuja, su nemi ganin waɗannan sharuɗɗa a rubuce kafin su ɗaga hannu su amince da kowace dokar 'yan sandan jiha.