Kundin Girki da Tarihin Abinci a Ƙasar Gobir ta Sabon Birni da Isa

Masu nazarin tarihin Gobir sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Kowane ɗalibi ya san Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a shekarar 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Ya san an yi yaƙin Gawakuke a 1836, bayansa Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce wadda zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka riƙe. Amma in aka tambayi ɗalibin nan abin da mutanen Alƙalawa suke ci da safe, ko yadda matan da suka yi gudun hijira suka ciyar da 'ya'yansu a kan hanya, sai ya yi shiru. Nufin wannan takarda shi ne a nuna inda ake samun wannan sashe na tarihi, da abin da ya sa ya kamata a tattara shi yanzu.

Da farko sai mu duba abin da aka riga aka rubuta. Clapperton ya ratsa dajin Gundumi a 1824, Barth ya bi ta nan a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Wurno. Dukansu matafiya ne, abin da aka kawo musu a ƙwarya shi suka gani, ba su shiga madafa ba. Imam Umaru, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta bayanin zaman Hausawa da ajami domin Bajamushe Mischlich, har da amfanin gona da abinci, amma Kano da Kabi ya fi sani. Dalziel ya fitar da littafinsa na sunayen itatuwa da tsirrai a 1916, Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, inda ya kan nuna ƙasar da ake faɗin kalma. Littafin da mace ta yi magana da bakinta a ciki shi ne labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ita kuwa rayuwarta tsakanin ƙasar Kano da ta Zazzau ce. Watau maza ne da baƙi suka rubuta yawancin abin da muke da shi, kuma sunayen abinci suka adana, yadda ake yinsa ya rage a hannun mata.

Ba rashin al'adar rubutu ya jawo haka ba. Malaman ƙasar nan sun daɗe suna ajiye kundi, watau tarin takardu a cikin gafaka, inda malami ke tara addu'o'i da magunguna da abin da ya karɓa daga malamansa, ɗa ya gada daga uba. Girki bai shiga kundi ba domin ilmin mata ne, hanyar koyar da shi kuwa ido ne da hannu. Yarinya takan fara da tsince hatsi da wanke ƙwarya, ta kai ga surfe da tankaɗe, kafin a ba ta muciya. Na taɓa tambayar wata tsohuwa daga wani ƙauyen Isa ko kanwa nawa take jefawa a miyar sure, ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ai hannu shi ya sani." Ilmin da ke hannu yana tafiya ne muddin uwa da 'ya suna zaune gida ɗaya.

Ga mai nazarin harshe, madafa babbar ma'ajiya ce. A Hausar yamma, wadda Gobirawa suke yi, fura hura ce, kuɓewa guro ce, yakuwa sure ce, in kuma an ce hatsi gero ake nufi. Dubi fi'ilan da ake bi kafin a sami ƙwarya ɗaya ta hura: sussuka, shiƙa, surfe, wanki, daka da citta da kanumfari, curi, dahuwa, kirɓi, sa'an nan damu da nono. Kowane ɗaya aiki ne dabam mai kayan aikinsa. Da injin niƙa ya shigo garuruwa, waɗansu daga cikin ayyukan nan suka ragu, kalmominsu ma suka fara ɓacewa daga bakin yara.

Kayan miya su ma suna ba da labarin fatauci. Gishirin Bilma, kantu da beza, Azbinawa suke kawo shi a kan raƙuma su koma da gero. Kanwa daga gabas take zuwa, wajen Manga da Barno. Daddawa iri biyu ce: ta kalwa, wadda ake yi da 'ya'yan ɗorawa, da ta batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, ita ce ta fi yawa can arewa inda ɗorawa ta yi ƙaranci. Barkono da masara da rogo da gyaɗa da tumatir duk asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1500. Ɗunƙulen Maggi kuwa a ƙarni na 20 ya shigo. Saboda haka in tsohuwa ta ce kakarta ba ta sa abu kaza a miya, ta ba mu hujjar da za mu kimanta lokacin shigowarsa garinsu.

Sashen da ya fi kowane muhimmanci shi ne abincin yunwa. Hausawa sukan raɗa wa yunwa suna: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da Mai Buhu ta 1927, da Muɗa ta wajen 1954. Fari ya sake aukuwa a 1973, da kuma 1984, shekarar da gwamnatin Nijeriya ta rufe iyaka, har mutanen Nijar suka kira yunwar da sunan Buhari. Iyakar nan Ingila da Faransa suka shata ta tsakanin 1906 da 1908, ta bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni a hannun Ingila, ga shi kuwa dangi ɗaya ne, kasuwanninsu a haɗe suke. A irin waɗannan shekaru mata suka rayar da iyali da 'ya'yan anza, watau dilo, waɗanda ake jiƙawa kwanaki ana sake ruwa har ɗacinsu ya fita, da ƙwayar ƙarangiya, da ganyen tafasa da yaɗiya da gasaya a kwaɗo. Wanda bai san yadda ake jiƙa dilo ba, ba zai iya cinsa ba ko da itacen yana bayan ɗakinsa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Sabon Birni da Isa, dubban mutane suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi, waɗansu suka shige garuruwa. Gidan da ya watse, kaka tana wani gari jika tana wani, ga abincin taimako ba irin na gida ba, to, sarƙar koyarwar nan ta tsinke.

Shawarata ga malaman makarantun horon malamai ita ce, kowane ɗalibi, musamman mata, ya buɗe kundin girki na gidansu. A kowane shafi a rubuta sunan abincin yadda mai bayani ta furta shi, kada a gyara shi ya koma Kananci. A rubuta garinsu na asali, da wadda ta koya mata, da lokacin da ake yinsa, ko kaka ko bazara ko azumi ko biki ko jego. Awo a bar shi da tiya da ludayi da tafin hannu, sa'an nan a auna a rubuta kwatankwacinsa a gefe. In da hali a ɗauki muryarta da hoton kayan aikinta, bayan an nemi izninta da na maigidan. Labarin da ta bayar tana aikin, na wata yunwa ko na wata ƙaura, a rubuta shi dukansa, gama shi ne tarihin. A bar asalin kundin a gidan, a kawo kwafi sashen Hausa, domin a gwada na Sabon Birni da na Isa da na Tsibiri, a ga inda suka haɗu da inda shekaru fiye da 100 na iyaka suka raba su.

Tsofaffin da suka ga yunwar 1954 da idonsu yanzu sun haura shekara 75, kuma sun ji labarin Kakalaba daga bakin waɗanda suka sha ta. Da su ya kamata a fara. Allah ya sa mu dace.