Daga Makarantar Ɗan Hausa zuwa Kwalejin Gumel: Wa Zai Koya wa Malami Aikin Hannu?

Darasin zane da aikin hannu ya daɗe a makarantun Arewa fiye da yadda ake zato. Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nassarawa ta Kano a 1909, ya ware sashen sana'a inda dukawa da masaƙa da maƙeran gari ke koyar da yara. Babu musu, buƙatar Turawan mulki ita ce su sami masu yi musu aiki. Duk da haka tsarin ya dace da abin da kowane Bahaushe ya sani, cewa sana'a a hannun mai ita ake koyonta.

Rabuwar malami da mai sana'a ta tsananta ne bayan 1976, da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta. Yara suka cika ajujuwa, aka shiga yaye malamai cikin gaggawa. A wannan zamanin tsohuwar Jihar Kano ta kafa babbar kwalejin horon malamai a Gumel a 1980, wadda ta zama Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa bayan ƙirƙiro jihar a 1991. Daga baya shaidar NCE ta zama mafi ƙarancin abin da ake nema ga mai koyarwa. Takarda ta ƙaru, amma a faɗin ƙasar horon ya karkata ga alli da littafi. Ɗalibin malanta yakan iya rubuta tsarin darasi tsaf, alhali bai taɓa kwaɓa yumɓu ba. Shi ya sa a makarantu da yawa aikin hannu ya koma yaro ya sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa, ya miƙa, a ba shi maki.

Wasu za su ce rashin kuɗi ne, tunda fenti da takardar zane na da tsada. Wannan hujja tana ɗaukar cewa fasaha sai da kayan kanti. Wanda ya zaga kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai ga tabarma da faifai da ƙwarya mai zane da kayan fata, kuma kaba da kara da yumɓu ba baƙi ba ne a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar. Wasu kuma suna ɗari-ɗari saboda hukuncin zana mai rai. Damuwar tana da tushe, sai dai fasahar Hausawa ta daɗe da kauce mata: zayyanar allo da ɗinkin hula da aska takwas ta babbar riga da dagin bango duk layi ne da kusurwa da maimaici, abubuwan da ke buɗe wa yaro ƙofar lissafi. Ko ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, gadon gida suka koma wa.

Manhajar ilimi a matakin farko ta riga ta tanadi darasin al'adu da fasaha, don haka gyaran yana wurin horo. Kafin a tura ɗalibin malanta gwajin koyarwa, ya kamata ya zauna gaban baduku ko mai saƙar tabarma har hannunsa ya faɗa, sannan ya koyi yanka aikin daki-daki gwargwadon shekarun yara da tsawon darasi. Na farko yana wurin masu sana'ar masarautar Gumel, na biyu aikin kwaleji ne, kuma malamin firamare yana buƙatar su duka.