Asalin "you are" a harshen Ingilishi

Ɗalibin da ya tashi da kai, ke da ku a Hausa, ya kuma koyi "tu" da "vous" a Faransanci, yakan tambaya: don me Ingilishi ke ce wa mutum guda "you are", alhali "are" siga ce ta jam'i?

A da harshen yana da "thou" na tilo, da "ye" ko "you" na jam'i. Normandawa sun ci Ingila a 1066, kuma daga ƙarni na 13 aka shiga kiran manya da jam'i don girmamawa, bisa al'adar Faransanci. Sai "thou" ya koma na ƴaƴa, barori da aminai. George Fox, wanda ya kafa ɗariƙar Kwaka, ya fitar da littafi tare da abokansa a 1660 don kare shi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Masu magana sun nemi cike giɓin da "you was" ga mutum guda. Dabara ce mai ma'ana, sai dai Robert Lowth ya lasafta ta cikin kurakurai a nahawunsa na 1762, malamai kuwa suka bi shi. Har yanzu ana jin ta a unguwannin Landan, amma masu gyaran jarrabawa ba sa karɓar ta.