BABI NA BIYU: TARIHIN KOYAR DA TARBIYYA DA SHUGABANCI A ƘASAR BOƊINGA DA SHAGARI

2.0 Gabatarwa

Jami'o'in Nijeriya kan shaida cewa ɗalibi ya cancanci digiri ta fuska biyu, wato hali da ilimi. Wannan babi zai bi diddigin yadda aka koyar da fuskar farko a ƙasar Boɗinga da Shagari, tun daga zamanin jihadi har zuwa kafuwar jami'a a Sakkwato. Manufar ita ce a nuna cewa darussan kyautata rayuwar ɗalibi da horar da shi ga shugabanci ba baƙi ba ne a wannan yanki. Abin da ya sauya shi ne hanyar koyar da su.

2.1 Makarantun Sifawa da Boɗinga

A shekarar 1810 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Gwandu ya zauna Sifawa, garin da ke cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga a yau, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga. A Sifawa ne aka raba tafiyar da daula a 1812, gabas ga Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. Shehu kuwa ya duƙufa ga karantarwa da rubutu har ya koma Sakkwato a 1815.

Matsalar da ke gaban malaman ita ce, almajiran jiya sun zama sarakuna da alƙalai. Yakubun Bauci, alal misali, almajirin Shehu ne tun a Ɗegel. Don haka karatu ya tanadi abubuwa uku. Na farko shi ne gyaran zuciya daga hassada da girman kai da riya, wanda Abdullahi ya yi bayaninsa a Tahzibul Insan. Na biyu shi ne ladubban malami da ɗalibi, kamar yadda suka zo a Lubabul Madkhal. Na uku shi ne ilimin mulki, wanda ke cikin Liya'ul Hukkami da ya rubuta wa mutanen Kano, da kuma Usulus Siyasa da Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje.

Hanyar koyarwar kuwa ita ce lazimta. Ɗalibi yakan zauna tare da malaminsa shekaru, ya yi masa hidima, ya ga yadda yake sulhu da yadda yake karɓar baƙo. Abdullahi da kansa ya jera malaman da ya lazimta a littafinsa Ida'un Nusukh a 1812. Ke nan ba a takarda ake auna hali ba, idon malami ne ma'auninsa.

2.2 Zamanin Boko: Misalin Shagari

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, horon shugabanci ya koma makarantun kwana, musamman Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938. A nan ana koyon jagoranci ta hanyar shugabancin ɗalibai da wasanni da kiyaye lokaci.

Rayuwar Alhaji Shehu Shagari ta haɗa tafarkunan biyu. An haife shi a garin Shagari a 1925, ya fara karatun allo a gida, ya shiga elementare ta Yabo a 1931, sannan Midil ta Sakkwato da Kwalejin Kaduna. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya kuma yi hedimasta a Argungu. Ya tsara Waƙar Nijeriya don ya sanar da yara ƙasarsu cikin harshensu, tamkar yadda malaman jihadi suka yi amfani da waƙa wajen wa'azi. Daga aji ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Bai yi digiri ba. Gida da makarantar kwana da aikin malanta ne suka hore shi.

2.3 Shigowar Jami'a

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, kuma nan ne yaran Boɗinga da Shagari da dama suke neman digiri. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi ba ɗalibai shawara da jagoranci a makarantu. Daga 1989 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa ƙa'idojin karatu na bai-ɗaya, waɗanda suka haɗa da darussan gama-gari, irin su harshe da falsafa da al'adun Nijeriya. A gyaran 2007 darasin zaman lafiya da sasanta rikici da na dogaro da kai sun samu gurbi. Ko a ƙasashen waje an ga buƙatar haka: a 2018 Jami'ar Yel ta Amurka ta buɗe darasi kan kwanciyar hankali, wanda ɗalibai sama da 1,000 suka shiga.

Sai dai waɗannan darussa ana ba da su ne a babban zaure ga ɗaruruwan ɗalibai, a kuma auna su da jarrabawa. Malami yana iya tantance abin da ɗalibi ya rubuta game da sulhu, amma da wuya ya san ko ya taɓa sasanta mutum biyu.

2.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata an ga cewa abin da ake son koyarwa bai sauya sosai ba daga Sifawa zuwa jami'a: natsuwar zuciya, ladabi da riƙon amana. Abin da ya ragu shi ne kusancin malami da ɗalibi. Hausawa kan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Matuƙar ba a haɗa darasin aji da irin wannan zama ba, ta hanyar ba kowane malami 'yan ɗalibai kaɗan da zai riƙa bibiya, shaidar hali da ke tare da digiri za ta kasance shaida ce kan abin da ba a gani ba.