Yadda Sonata, Konceto da Simfoni Suka Raba Gari a Kiɗan Turai

Duk wanda ya duba jadawalin wasan kiɗan kilasik a Landan ko Balin zai ga sunaye uku suna ta maimaituwa: sonata, konceto da simfoni. A yau kowanne ya san iyakarsa. Sonata ta makaɗi ɗaya ce ko biyu, konceto na gwani ɗaya ne da ƙungiyar makaɗa a bayansa, simfoni kuwa ta ƙungiyar ce baki ɗaya. Da can ba haka abin yake ba. A 1597 Giovanni Gabrieli, makaɗin majami'ar San Marco a birnin Benis, ya fitar da kundin da ya kira simfoni, alhali yawancin abin da ke ciki waƙoƙin ibada ne na muryar mutane. Sunayen kara-zube ake amfani da su. Abin da ya zo ya raba su shi ne wurin da ake kiɗan da kuma aljihun da ke biyan makaɗan.

Konceto ne ya fara tsayawa da ƙafafunsa. A Roma, Arcangelo Corelli yakan ware masu goge uku su riƙa musayar kiɗa da sauran ƙungiya, kuma an buga irin waɗannan guda 12 nasa a 1714, shekara guda bayan mutuwarsa. Amma wanda ya ba konceto kamannin da aka san shi da su yau shi ne Antonio Vivaldi, wani limamin coci mai jan gashi da ya fara koyar da goge a 1703 a Pietà, gidan marayu na Benis. 'Yan matan gidan sukan yi kiɗa daga bene, a bayan shingen ƙarfe, baƙi daga ƙasashen Turai suna zaune a ƙasa suna saurare ba su ganin fuskokinsu sosai. Vivaldi ya rubuta konceto wajen 500, da yawa saboda waɗannan ɗalibai. Tsarinsa babi uku ne: mai sauri, mai sanyi, sai mai sauri. A cikin babi kuma ƙungiya ta kawo kari, gwani ya fita shi kaɗai ya baje kolinsa, ƙungiya ta dawo da karin nan, kamar dai mawaƙi da 'yan amshinsa.

Simfoni daga gidan wasan opera ta fito. A Napoli akan buɗe wasa da ɗan gajeren kiɗa mai kashi uku kafin a ɗaga labule, yawanci jama'a ma suna ta surutu. Sannu a hankali aka ciro shi ana kaɗa shi da kansa. A fadar Mannheim ta Jamus, Johann Stamitz ya riƙa saka babin rawa a ciki, babi ya zama huɗu.

Sai Joseph Haydn. A 1761 ya shiga aikin gidan sarautar Esterházy, kuma makaɗin fada ne sosai da sosai: yarjejeniyarsa ta wajabta masa sa tufafin ma'aikatan gidan, ya riƙa zuwa zaure kullum ya ji ko yarima na bukatar kiɗa, kuma abin da ya rubuta mallakar yarima ne. Sai dai an damƙa masa ƙungiya tasa, yana gwada duk abin da ya ga dama. A 1772 Yarima Nikolaus ya daɗe a fadarsa ta ƙauye, makaɗa suka ƙosa su koma wurin iyalansu a Eisenstadt. Haydn bai kai ƙorafi da baki ba. A babin ƙarshe na simfoninsa ta 45 ya tsara kowane makaɗi ya gama nasa, ya hure kyandir ɗin gabansa, ya fice, har aka bar masu goge biyu kacal. Yadda labarin ya zo, yarima ya gane, washegari aka ɗaure kaya. Daga 1791 Haydn ya yi tafiya biyu zuwa Landan, inda masu sayen tikiti suka maye gurbin yarima, ya rubuta musu simfoni 12 masu ƙara da girma. Jimillar nasa masu lamba 104 ne.

Mozart kuwa konceto ne abincinsa. Da ya rabu da aikin babban limamin Salzburg a 1781, ya zauna a Biyana yana shirya wasanni da kansa, shi ne mai rubutawa, shi ne a kan fiyano. A 1784 kaɗai ya rubuta konceton fiyano shida. Kusa da ƙarshen babi ƙungiya takan yi tsit, a bar gwani ya ƙirƙiro abin da ya zo masa nan take. Mutane wannan gaɓar suke jira.

Sonata ta cikin gida ce. Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano a Florence wajen 1700, kuma kafin ƙarnin ya ƙare ta shiga falon attajirai, masu ɗab'i suna sayar da sonata ga 'ya'yan gida masu koyo. Mozart ma ya rubuta wata a 1788 ya ce ta 'yan koyo ce. Beethoven ya ɗauke ta daga hannun masu koyo: cikin guda 32 da ya yi wa fiyano, wadda ake kira Hammerklavier tana cin kusan minti 45, kuma ƙwararru ma suna shakkarta.

Akwai wurin da mai sauraro kan rikice. "Tsarin sonata" daban ne da sonata kanta. Hanya ce ta gina babi: a gabatar da kari biyu masu bambancin hali, a wargaza su a jujjuya, sannan a dawo da su gida. Babin farko na yawancin simfoni da kiɗan goge huɗu a kan wannan tsari yake. Haydn da Mozart ba daga littafi suka koye shi ba. Malamai irin su Adolf Bernhard Marx ne suka zo daga baya suka rubuta shi a matsayin ƙa'ida, bayan su biyun da Beethoven duk sun mutu.

Iyakokin ma ba su daɗe ba aka fara tsallake su. Ranar 7 ga Mayu 1824, a Biyana, Beethoven, wanda ya riga ya kurmance, ya shigo da mawaƙa cikin babin ƙarshe na Simfoni ta Tara, abin da ba a saba da shi ba a lokacin. A 1910 Gustav Mahler ya tara makaɗa da mawaƙa wajen dubu a Munich don simfoninsa ta takwas.

Mai son jin bambancin da kunnensa ya nemi konceton bazara na Vivaldi, da sonatar 'yan koyo ta Mozart, da Simfoni ta Biyar ta Beethoven. Duka ukun suna intanet, kuma ba su wuce awa guda ba in an haɗa.