Daga Ladani Zuwa Amfilifayar Kunne: Tarihin Ƙara Sauti a Zariya

Amfilifaya, wato na'urar da ke karɓar raunanan siginar lantarki mai ɗauke da sauti ta ƙara mata ƙarfi har ta iya motsa lasifika, ta daɗe da zama sananniya a Zariya, tun daga masallatan cikin birni da shagunan Tudun Wada har zuwa mazaɓar Dutsen Abba, inda ake ɗaukar hayarta ranar walima ko wa'azi ko saukar Alƙur'ani. Abin da ya zo sabo shi ne ƙaramar amfilifaya da ake haɗawa da hedfon, wato na'urar sauraro mai rufe kunnuwa, kuma tare da ita tambaya ta taso ko wanda ya sayi hedfon mai kyau yana bukatar ya sake kashe kuɗi a kanta. Amsar tana fitowa fili idan aka bi tarihin yadda mutanen wannan gari suka riƙa isar da murya zuwa ga kunne.

Kafin zuwan lantarki, ɗan Adam ne ke yin wannan aiki da maƙogwaronsa. A babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, muryar liman ba ta kaiwa ga sahun da ke waje, don haka ladani ke maimaita kabbara da ƙarfi domin na baya su san lokacin ruku'u da sujada. A fada kuma akwai sanƙira da mai shela, akwai kakaki da tambari, waɗanda ke kai saƙon sarauta inda maganar baki ba ta isa. Abu biyu ne ke tattare da aikin ladani waɗanda suka shafi kowace amfilifaya da aka ƙera daga baya: ba ya ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da liman ya faɗa, kuma ba a bukatar maimaitawarsa a masallacin unguwa mai sahu biyu.

A duniyar lantarki, hedfon ya riga lasifika shiga gidaje, domin rediyoyin farko ba su da amfilifaya, ƙarfin da eriya ta kamo daga iska kaɗai suke amfani da shi, wanda bai wuce ya motsa ɗan faifan ƙarfe a bakin kunne ba. Kwalbar lantarki da Lee de Forest ya ƙirƙira a Amurka a 1906 ita ce ta buɗe hanyar ƙara wa sigina ƙarfi, har aka kai ga ɗaki guda ya saurari akwati ɗaya. Ta wannan ƙofa rediyo ya shigo Arewa, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar rarraba shirye-shirye ta waya a Kano a 1944, sannan Kaduna da Jos da Zariya suka samu tasu kafin ƙarshen shekarun 1940. A wannan tsari, na'urar kama tasha da babbar amfilifaya suna ofis guda, daga can aka ja wayoyi zuwa akwatunan lasifika da ke gidajen masu biyan kuɗin wata da wuraren taruwar jama'a. Sauraro a lokacin abu ne na taro, kamar yadda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, mutum ɗaya kan karanta ta a zaure wasu da dama suna ji.

Tiransista, wadda aka ƙirƙira a 1947, ta maye gurbin kwalba, ta mayar da amfilifaya ƙarama mai aiki da batir, kuma wannan ya zo daidai da buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957 da gidan rediyon Kaduna a 1962. Kaset ɗin da kamfanin Philips ya fitar a 1963 ya bazu a Arewa cikin shekarun 1970, ya kai waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da karatun malamai zuwa teburin mai shayi da cikin motar haya. A nan sana'ar gyaran rediyo ta kafu a Tudun Wada da Sabon Gari, inda ake samun mai gyara zaune a bayan tebur cike da gawarwakin rikoda, da mita a gefensa, da ƙarfen narka dalma a hannunsa, yana shinshina lasifika don ya gane ko koyil ɗinta, wato siririyar wayar da aka naɗe a gaban maganaɗisu, ya ƙone. Waɗannan masu gyara sun koyi ka'idar daidai ruwa daidai tsaki ta hanyar aiki, domin sun ga yadda babbar amfilifaya ke ƙona ƙaramar lasifika, da yadda ƙaramar amfilifaya ke shaƙe murya idan aka ɗora mata lasifikar da ta fi ƙarfinta.

Komawar sauti cikin kunnen mutum ɗaya ta fara ne da Walkman na kamfanin Sony a 1979, amma ba ta zama ruwan dare ba sai bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, lokacin da memori ya kori kaset, masu tura waƙa da karatu suka kafa tebura a bakin kasuwa, iyafis kuma ya zama abokin ɗalibin jami'a a Samaru da Kongo da ɗan acaɓa. Abin da masu saye da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa kowace waya da kowace kwamfuta mai ramin iyafis tana da 'yar amfilifaya a cikinta, hedfon mai Bluetooth kuwa tasa tana cikin jikinsa tare da batirinsa, saboda haka amfilifayar waje ba ta da aikin yi idan ana sauraro ba tare da igiya ba.

Ma'auni biyu ne ke nuna ko wadda ke cikin waya ta wadatar. Na farko shi ne turjiya, wato yadda koyil ɗin hedfon ke tare gudun lantarki, ana kuma auna ta da om. Yawancin iyafis da hedfon da ake sayarwa don waya suna tsakanin om 16 da 32, kuma waya na ɗaukar su ba wahala, alhali Sennheiser HD 600 yana da om 300, Beyerdynamic DT 770 kuma ana yin sa da om 32 da 80 da 250. Na biyu shi ne saurin amsawa, wato yawan ƙarar da hedfon ke bayarwa idan aka ba shi ɗan ƙarfi kaɗan. Hedfon mai yawan turjiya ko mai nauyin amsawa, idan aka sa shi a waya, za a ƙure maɓallin ƙara amma sautin ya kasance can ƙasa, ko kuma duman ganga ya riƙa fashewa a wurin da kiɗa ya yi ƙarfi, kuma a nan ne sayen amfilifaya ke biyan kuɗinsa. Masu irin wannan bukata su ne ma'aikatan situdiyo, waɗanda sana'arsu ta bunƙasa tare da finafinan Hausa na bidiyo tun daga shekarun 1990, domin mai haɗa sauti yana son jin kowane numfashi da kowace ƙara, mawaƙi da 'yan amshi kuma sukan bukaci amfilifaya mai ramuka da yawa don kowa ya ji kiɗa da nasa hedfon.

Wanda hedfon ɗinsa ke yin ƙara mai tsabta tun maɓalli yana tsakiya, ba abin da amfilifaya za ta ƙara masa da ya kai kuɗinta. Waƙar da aka matse, aka yi ta turawa ta WhatsApp har ta rasa armashinta, ba za ta warke don an ƙara mata ƙarfi ba, haka ma hedfon jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani, don ba girin-girin ba, ta yi mai. Ga kuma ɗawainiyar caji a wurin da wuta ba ta tsayawa, ga haɗarin da ya fi kowane tsada, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a ƙarar desibel 80, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Saboda haka mai hankali yakan fara da hedfon na gaskiya da sauti mai asali mai kyau, sannan ya ɗauki wayarsa ya je ya gwada amfilifayar da kunnensa kafin ya biya, yana daidaita ƙarar gwajin biyu, tunda abin da ya fi ƙara yakan yaudari kunne ya ji kamar ya fi daɗi. Idan muryar liman ta riga ta kai ga sahun ƙarshe, ladanin Zariya yakan yi shiru ya bi salla, kuma wannan ma'auni ne ya dace a auna amfilifayar kunne da shi.