Hanyar Hawa Saman Ɗaki: Daga Tsani Zuwa Murfin Ƙarfe

Duk maginin da ya koyi aiki a ƙasar Dakoro kafin kwano ya yawaita ya san rufin ƙasa ba ya ƙarewa ranar da aka miƙa wa mai gida ɗakinsa. Kowace bazara sai an koma masa. Kafin hadarin farko ya taso daga gabas, a jingina tsani, a hau da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a cike tsaga, a tuge ciyawar da ta tsiro bara, a zura sanda cikin indararo a fitar da sheƙar tsuntsu. Wanda ya yi ƙyuyar wannan hawan, a watan Agusta zai kwana yana tara ƙorai a tsakar ɗaki.

A Sabon Maci, kan hanyar Maradi zuwa Dakoro, gininmu na da bai wuce kago da shigifa ba. Faɗin shigifa kuwa icce ne ke yanke shi. Azarar giginya ta kirki, irin wadda ake kawowa daga Gaya, ba a sake mata fiye da mita 2 babu abin tokara, in ba haka ba nauyin ƙasa ya lanƙwasa ta. Wanda ba shi da halin azara sai ya nemi goribar Gulbin Kaba ko duk iccen da ya samu miƙaƙƙe. Manyan gwanaye su ne suka san dabarar bakan gizo da ke ƙetare wannan iyaka: Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ko Alhaji Falke Barmu da ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, har aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mu ƙananan magina ba mu kai can ba, amma ƙa'ida ɗaya muka gada da su: a ba ruwa gangara, kuma kada a bar masa wurin tsayawa. Shi ya sa ba ma huda rufin ƙasa don mutum ya bi. Ta waje ake hawa, da tsani, ko da matakalar ƙasa jikin bango in gidan mai hali ne.

Hawan ma yana da ladabinsa. Kafin ka leƙa kanka sama da katanga sai ka aika yaro gidajen maƙwabta, ko ka ɗaga murya cewa za a hau sama, don mata su kimtsa. Yaran aikin yanzu sai ka ga sun haye da waya a kunne, ko sallama babu.

Farin 1973 da na 1984 sun cinye itatuwa, ma'aikatan gandun daji suka tsananta, azara ta yi tsada. Daga 1980 aka fara koyar da gini ba icce a Cikal, wajen Filinge, inda ake rufe ɗaki da tubali kaɗai. Dabara ce mai kyau, wasu cikinmu sun koye ta, amma a nan kwano ne ya ci kasuwa. Ta Jibiya da Ɗan Isa yake shigowa Maradi, daga can a loda shi saman mota ranar kasuwa. Ko karyewar darajar sefa a Janairun 1994, da ta sa kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, ba ta hana shi ba. Mai gida yana son rufin da za a buga yau a manta da shi, kwano kuma ya yi masa wannan alkawari. Ba a taka shi sai a kan layin ƙusa, don haka mutane suka daina hawa, tsani ya koma wajen rumbu. Abin da ya rage kawai 'yar ƙofar da kafinta ke bari a silin, wadda da ƙyar yaro ke shiga in wayar lantarki ta lalace ko jemagu sun yi yawa.

Zuwan dal, wato rufin kankare, shi ya dawo da mutane sama. Simintin Malbaza da na Nijeriya ya samu, 'yan kasuwa da masu dawowa daga ci-rani suka fara zuba dal a shaguna da gidaje. Yanzu saman ɗaki ya zama wurin ajiya: tankin ruwa, farantin tauraron ɗan'adam, da allunan sola waɗanda ƙurar hunturu ke rufewa, in ba a goge ba wuta ta ragu. Hawan da ake yi sau ɗaya a shekara ya koma na kowane mako. Matakalar siminti tana cin wuri da kuɗi, tsanin ƙarfe jikin bangon waje kuma gayyatar ɓarawo ce. Sai aka koma ga abin da kakanninmu suka ƙi: a buɗe ƙofa a rufin kansa.

A nan ake yin ɓarna. Sau da yawa sai an gama zuba dal, ya bushe, sannan a kira ka a ce, "Malam, ɗan fasa mana nan." Ni amsata guda ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, rodi zan yanke." Tun ana shimfiɗa katako ake barin ramin, a ninka rodi a gefensa huɗu, a zuba kankare gaba ɗaya. Faɗinsa kada ya gaza santimita 60 kowane gefe. Ni na fi son 80, domin mai hawa ba hannu biyu yake hawa ba, da bokiti ne ko kayan aiki. Wurinsa kuma can inda rufi ya fi tudu, nesa da hanyar da ruwa ke bi zuwa indararo, a baranda ko ɗakin ajiya, ba bisa gadon mutane ba.

Abin da ya fi murfin muhimmanci shi ne bakin da ke ƙarƙashinsa. A ɗaga shi aƙalla santimita 15 sama da dal, murfin ya kifu a kansa ya sauko gefe kamar murfin tukunya. Murfin da aka yi daidai da fuskar rufi, ko an shafe shi da kwalta, rana ɗaya ta watan Afrilu ta isa ta buɗe masa tsaga. Maƙalansa su kasance ta gabas, inda iskar hadari ke fitowa, don in ta buso ta danne shi maimakon ta ɗaga. Sakata da kwaɗo ta ciki, saboda ɓarawo da kuma yara.

Masu walda na Maradi suna ƙera shi da kyau in ka kai musu awo, amma ka tsaya a kan kaurin ƙarfen, ka ga an shafa jan fentin hana tsatsa kafin fari, domin baƙin murfi da tsakar rana ba ya taɓuwa. Waɗanda ake kawowa daga waje masu robar hana ruwa da sandar da ke ɗaga murfi da kanta suna da daɗin buɗewa. Zafinmu dai yana busar da robar, in kuma sandar ta mutu sai ka bi Kano neman irinta. Shi ya sa har yanzu nake sa wa masu gida na walda, da ƙugiyar ƙarfe mai riƙe shi a buɗe.